YADDA KWAMFUTA KE BIN SAWUN HASKE

 

Yau hirarmu a kan haske ce. Ga abin da ya kawo ta. Wani dattijo daga cikin ɗalibanmu na Tebaram ya zo aji da salula a hannu. Ɗansa da ke ci-rani a Abijan ya aiko masa hoton wani gida. Gidan yana da manyan tagogi na gilashi. A tsakar gidan akwai tafkin wanka na siminti, rana tana wasa a ƙasan ruwan. Ana so ɗan nasa ya zuba kuɗin guminsa a gidan.

Dattijon ya ce mini: "Malam, duba mini. Gidan nan akwai shi kuwa?" Na duba da kyau. Can ƙasan hoton akwai ƙananan baƙaƙe da Faransanci, sun ce wannan zane ne, ba a soma ginin ba. Na ce: "Baba, ko tubali ɗaya ba a aza ba. Kwamfuta ce ta zana shi." Ya yi shiru. Can ya ce: "To, Malam, in ba a gina gidan ba, wa ya haska masa rana?"

Tambayar dattijon nan ita ce darasinmu na yau. Ku gyara zama. Za mu tafi sannu a hankali, domin sannu ba ta hana zuwa.

1. HALIN HASKE

Kafin mu je ga kwamfuta, sai mu san haske. Haske yana da hali uku da kowa ya taɓa gani.

Hali na farko: haske yana tafiya a miƙe. Ku shiga ɗaki da hantsi, ku rufe ƙofa. In akwai huda a rufi, za ku ga haske ya sauko cikin ƙura kamar zaren da aka ja. Ba ya karkata dama, ba ya karkata hagu. Wannan shi za mu riƙa kira zaren haske. Gudunsa kuwa ya wuce misali: kilomita dubu 300 cikin daƙiƙa ɗaya, wato kamar ƙiftawar ido. Tsakaninmu da rana akwai kilomita miliyan 150, amma haskenta yana iso mu cikin minti 8 da ƴan kai.

Hali na biyu: in haske ya yi karo da abu, yana dawowa. Amma dawowar iri biyu ce. In ya faɗa kan bangon ƙasa, ko rairayi, ko tufa, sai ya watse ko'ina, kamar an zuba gero a kan dutse. In kuwa ya faɗa kan madubi, hanya ɗaya tak zai bi. Yadda ya shigo a karkace, haka zai fita a karkace ta ɗaya gefen.

Hali na uku: in haske ya shiga ruwa ko gilashi, yana lanƙwashewa a bakin shiga, ya sake lanƙwashewa a bakin fita. Ku tsoma sanda cikin kwamin shayar da dabbobi. Za ku ga kamar ta karye, alhali lafiyarta lau. Hasken ne ya canza hanya.

Wannan ilimi ba na jiya ba ne. A Bagadaza, wajen shekara ta 984, wani masani mai suna Ibnu Sahal ya rubuta ƙa'idar lanƙwashewar haske cikin gilashi. Bayansa aka yi Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basara wajen 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A zamaninsa masana da yawa suna zaton ido ne ke fitar da haske ya taɓa abu. Shi kuwa ya nuna da gwaji cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

2. HOTO ƊIGO-ƊIGO NE

Ku dubi tabarma mai ado. Daga nesa kuna ganin zane. In kun matso, sai ku ga kaba ce aka saƙa ɗaya bayan ɗaya, wannan ja, wannan baƙa, wannan fara. Hoton da ke allon salula ko na talabijin haka yake. Ƙananan ɗigo ne aka jera, kowane da launinsa.

Mu yi lissafi. Allon talabijin iri mai yawa a yau yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. In kun ninka, za ku sami ɗigo 2.073.600, wato sama da miliyan 2. Aikin kwamfuta shi ne ta gaya wa kowane ɗigo launinsa da ƙarfin haskensa.

Mai zane ba ya ba ta launin ɗigon. Abin da yake ba ta bayani ne cikin lambobi. Ga bango, tsawonsa kaza, na jar ƙasa ne. Ga taga, ta gilashi ce. Ga rana, tana gabas, ta yi sama kaza. Ga inda mai kallo ke tsaye. Daga nan sai kwamfuta ta yi lissafi: wane haske ne zai shiga idon mai kallo ta wannan ɗigo?

3. BIN SAWU DAGA BAYA

Wani zai ce: ai da sauƙi, a bi haske tun daga rana har ya shiga ido. To, a nan gizo ke saƙar. Zaren hasken da rana ke zubowa ba ya ƙidayuwa, kuma kaɗan ne ƙwarai ke shiga idon mutum ɗaya. Saura duk sun tafi wani wuri. In kwamfuta ta bi su duka, ta yi aikin banza.

Sai masana suka yi dabarar mai bin sawu. In raƙumi ya shigo gonarka da dare, ba za ka zagaya dukan garken Azawak kana tambaya ba. Daga gonar za ka ɗauki sawu, ka bi shi baya baya har inda ya fito. Haka kwamfuta ke yi. Tana tashi daga ido, ta ratsa ɗigon, ta miƙe har ta yi karo da abu. Daga nan ta nemi inda hasken ya fito. Ana iya yin haka domin hanyar haske tana biyuwa gaba da baya, kamar hanyar kasuwa. Kun ga ke nan, abin da mutanen da suka yi zato a kan ido kuskure ne, amma ya zama dabarar lissafi.

Wani Ba'amurke mai suna Arthur Appel, ma'aikacin kamfanin IBM, ya soma wannan a 1968. A 1980 wani mai suna Turner Whitted ya ƙara madubi da gilashi cikin lissafin. Ya zana ƙwallon gilashi da ƙwallo mai sheƙi bisa daɓe mai gida-gida. Hoton nan guda ɗaya ya ci wa kwamfutar zamanin minti 74.

Amma da saura. Ku zauna a inuwar zaure da tsakar rana. Rana ba ta taɓa ku, duk da haka kuna ganin fuskar juna. Daga ina hasken ya zo? Ya faɗa kan ƙasar waje, ya watsu, ya bugi bango, ya sake watsuwa, kana ya iso ku. Haske yana tsalle sau da yawa kafin ya shiga ido. A 1986 James Kajiya, malami a wata babbar makaranta ta Kalifoniya, ya tara wannan duka cikin ƙa'idar lissafi guda ɗaya. Ya kuma nuna yadda za a bi tsallen nan ɗaya bayan ɗaya.

4. ƘURI'A

Ga matsala. In kwamfuta ta iso bangon ƙasa, ta ina za ta bi? Mun ce bango yana watsa haske ko'ina, yana kuma karɓarsa daga ko'ina. Hanyoyin ba su da iyaka.

Sai aka ce a jefa ƙuri'a. Kwamfuta ta zaɓi gefe ɗaya a kan sa'a, ta bi. In ta sake karo da bango, ta sake jefa ƙuri'a. Wata hanyar ta kai ga rana, wata ta ɓace cikin duhu. A maimaita sau ɗari ko sau dubu a kan ɗigo ɗaya, a tara sakamakon, a raba. Abin da ya fito shi ne hasken ɗigon.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare ku. Mai sayen gero a kasuwar Tawa ba ya zazzage buhu ya ƙirga ƙwaya. Yana ɗiba daga sama, ya ɗiba daga tsaka, ya ɗiba daga ƙasa, ya san buhun. Masana suna kiran wannan lissafi da sunan Monte Karlo, wani gari a bakin teku kusa da Faransa da ya yi suna wajen caca.

Amma ƙuri'a tana da tsada. In ɗibar ta yi kaɗan, hoton zai fito tsaki-tsaki, kamar an watsa masa rairayi. Kuma ga ƙa'ida: in kana son tsakin ya ragu da rabi, sai ka ninka aikin sau 4. Mu ƙara lissafi. Ɗigo miliyan 2, kowane a bi masa hanya 1000, ya zama hanya miliyan dubu 2 a hoto ɗaya. Silima kuwa tana nuna hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya. Fim mai minti 90 yana da hoto 129.600. Kun ga dalilin da ya sa masu wannan aiki ba sa son ɓata hanya ko ɗaya.

Akwai wata gajeriyar hanya da ke rage wahala. Duk inda kwamfuta ta tsaya a kan bango, sai ta ja layi a miƙe zuwa rana ko fitila, ta duba: akwai abin da ya tare? In babu, wurin yana da haske. In akwai, inuwa ce. A fili, a gona, a kasuwa, wannan dabara tana aiki sosai. Amma akwai wurare uku da take kasawa. Su ake kira hanyoyin haske masu wuya.

5. TA FARKO: ƊAKI MAI ƘOFA A SAKAYE

Ku tuna ɗakin ƙasa irin namu na Adar, mai kaurin bango. An sakaya ƙofa, saura ɗan tsagi kamar faɗin yatsa biyu. Duk hasken ɗakin ta tsagin nan yake shigowa.

Kwamfuta ta tashi daga ido, ta bugi bango. Ta ja layi zuwa rana, rufi ya tare. Ta jefa ƙuri'a, ta bugi wani bango. Ta sake ja, an sake tarewa. Kamar tsuntsun da ya shiga ɗaki yana ta bugun bango, bai ga ƙofa ba. Cikin hanya dubu, ƴan kaɗan ne za su dace da tsagin. Ɗigon da ya dace zai yi fari fat, maƙwabcinsa da bai dace ba ya yi baƙi ƙirin. Hoton ya lalace ke nan.

6. TA BIYU: FINJALIN SHAYI

Wannan kowa ya gani. In an zuba shayi a finjalin gilashi, aka ajiye a rana bisa tabarma, ku dubi inuwarsa. A tsakiyar inuwar akwai wani ɗan wuri mai haske ja, wanda ya fi kewayensa haske. Finjalin ya lanƙwasa zaren haske masu yawa, ya tara su wuri ɗaya. Mu kira shi taron haske. Irinsa ne kuke gani yana rawa a rufin rumfa in an ajiye tasar ruwa a rana.

Me ya sa wannan ke da wuya? Kwamfuta ta iso tabarma, ta ja layi a miƙe zuwa rana. Layin ya ratsa finjali. Amma mun ce haske ba ya ratsa gilashi a miƙe, lanƙwashewa yake. Layin nan ƙarya ne ke nan, ba a karɓarsa. Abin da ya rage shi ne ƙuri'a: ta harba ta cikin finjalin, ta yi fatan in ta fito ta dace da rana.

To, rana ƙarama ce a sararin sama. In an raba samaniyar da ke bisa kanku kashi dubu 100, rana wajen kashi ɗaya kawai ta cika. Dacewa da ita a kan sa'a kamar neman allura ne cikin rairayi. In kuma an dace sau ɗaya, hasken yana da ƙarfi ƙwarai, sai ɗigon ya yi fari shi kaɗai. Hoton ya fito kamar an barbaɗa masa gishiri.

7. TA UKU: ƘASAN TAFKI

Wannan ita ce uwar wuya. Ku tsaya bakin tafki, kamar na Tabalak, inda ruwa bai da zurfi kuma ya kwanta. Za ku ga zanen haske kamar raga yana motsi a kan rairayin ƙasan ruwa. Ku bi hanyarsa da ni. Daga rana ya sauko. Ya lanƙwashe a fuskar ruwa. Ya faɗa kan rairayi, ya watsu. Ya taso, ya sake lanƙwashewa a fuskar ruwa. Kana ya shiga idonku.

Kun ga rairayin yana tsakanin lanƙwasa biyu. Ta wajen rana ba a iya jan layi a miƙe. Ta wajen ido ma ba a iya ja. An rufe gaba, an rufe baya. Irin wannan haske ne dattijonmu ya gani a tafkin gidan da ba a gina ba. Kafin kwamfuta ta iya zana shi daidai, masana sun yi shekaru suna fama.

8. DABARU HUƊU

Dabara ta farko: a taso daga gefe biyu. In mutum biyu suna neman juna, ɗaya a Tebaram ɗaya a Tawa, gara kowa ya kama hanya su gamu a tsaka. Haka aka yi. Hanya ɗaya ta taso daga ido, ɗaya ta taso daga rana ko fitila, sai a ɗaura su. Eric Lafortune da Yves Willems na ƙasar Beljik suka kawo wannan a 1993. Eric Veach da Leonidas Guibas na jami'ar Stanford a Amurka su ma suka kawo irinta a 1994. Wannan ta warware matsalar finjali: hanyar da ta taso daga rana ta ratsa gilashi da kanta, ta sauka kan tabarma, daga nan a ja layi zuwa ido. Amma ba ta warware ƙasan tafki ba, domin can ruwa ya tare layin ido.

Dabara ta biyu: a bar shaida. Wani mutumin Danmak mai suna Henrik Wann Jensen ya bayyana ta a 1996. Aikin kashi biyu ne. Da farko kwamfuta ta watsa ƙwayoyin haske miliyoyi daga rana, ta bar su su lanƙwashe yadda suka ga dama. Duk inda ƙwaya ta sauka, a rubuta wurin. Bayan haka sai a taso daga ido. In an iso rairayi, ba a neman rana kuma. Sai a ƙirga shaidar da ke kusa. Inda shaida ta yi yawa, haske ya yi yawa. Makiyayi ma in ya ga sawu ya yi yawa a wuri, ya san garke ya bi ta nan, ko bai ga dabba ko ɗaya ba. Wannan dabara ta iya ƙasan tafki. Aibinta shi ne, in ƙwayoyin sun yi kaɗan, bakin zanen hasken yana dushewa, ba ya fita tsaf.

Dabara ta uku: in ka sami hanya, kada ka yi nisa da ita. Veach da Guibas suka kawo ta a 1997. Ku tuna yadda Fulani ke tura garso ya nemo ciyawa da ruwa. In ya samo, ba a sake watsuwa cikin daji. Sai a bi ta inda ya bi, ana ɗan dubawa dama da hagu. Haka kwamfuta ke yi. In hanya ɗaya ta dace da tsagin ƙofa, sai ta riƙe ta, ta ɗan gusa ta kaɗan, ta gani ko sabuwar ma tana kawo haske. In tana kawowa, ta koma kanta. Amma lokaci lokaci tana karɓar hanya mai ƙarancin haske, domin kada ta manta da sauran ɗakin. Tushen wannan lissafi ya fito ne a 1953, daga aikin Nicholas Metropolis da abokansa a Los Alamos, Amurka. Abin sha'awa, hoton da Veach da Guibas suka gwada dabararsu da shi, hoton ɗaki ne mai ƙofa a sakaye.

Dabara ta huɗu: a gyara har a dace. Kun ga yaro da guntun madubi yana son ya haska fuskar abokinsa. Ba ya jefa ƙuri'a. Yana duba inda hasken ya faɗa, ya ga ya yi dama, ya ɗan juya hagu, ya ga ya yi sama, ya ɗan sauke, har ya dace. A 2012 Wenzel Jakob da Steve Marschner na jami'ar Cornell suka koya wa kwamfuta irin wannan. Tana zaɓar wuri a fuskar ruwa, ta auna kuskuren, ta gusa, ta sake aunawa, har ƙa'idar lanƙwasa ta cika.

Babu dabara ɗaya da ta fi duka a ko'ina. Kowace da inda take da ƙarfi. Saboda haka yau ana gama su, kamar yadda manomi ke gama gero da wake a gona ɗaya.

Ga yadda abin ya shiga silima. Toy Story, na kamfanin Pixar, ya fito a 1995. Shi ne dogon fim na farko da aka zana dukansa da kwamfuta. A lokacin ba a bin tsallen haske, ma'aikata ne ke jera fitilun ƙarya da hannu har hoton ya yi kyau. A 2016 kamfanin nan ya fito da Finding Dory, labarin kifi cikin ruwa da akwatunan gilashi, da lissafin bin hanyar haske. A 2018 kamfanin Nvidia ya fito da kayan kwamfuta da aka ƙera musamman domin bin zaren haske da sauri.

9. MU FA?

Wani zai ce: Malam, wannan ai zancen Turawa ne. A'a. Ƙasarmu tana da hannu a ilimin haske da na hoto mai motsi.

Ga Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya rasu a 1991. Masanin hasken rana ne. Ya yi bincike a kan yadda madubi mai zurfi kamar ƙwarya ke tara hasken rana wuri ɗaya. Wannan shi ne taron hasken da muka gani a finjali, amma shi ya nemi a sa shi aiki. Daga 1969 ya shugabanci ofishin ƙasa na makamashin rana a Yamai. Jami'ar Yamai tana ɗauke da sunansa. Masu ƙera irin wannan madubi a yau suna bin zaren haske da kwamfuta kafin su yanka ƙarfe.

Ga kuma Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942, ya zauna a garin Tawa shekaru masu yawa, ya rasu a Wagadugu a 2015. Yana cikin na farkon masu fim ɗin zane a Afirka. Ya faro ne da wasan inuwa da fitila. A 1966 ya yi Bon voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi. Hoto bayan hoto ya zana shi da hannu. Haske da inuwar da kwamfuta ke lissafawa yau, shi da idonsa da haƙurinsa ya auna su.

Yau kuma akwai wata manhaja mai suna Blender, wadda ake samu kyauta ta intanet. Tun 2011 tana iya bin hanyar haske irin wadda muka bayyana. Yaron da ya iya karatu da lissafi, ya sami kwamfuta, zai iya koyonta. Magina suna amfani da irinta su ga ko ɗakin aji ko na asibiti zai sami haske kafin a haƙa tushe. Gyaran taga a kan allo ya fi fasa bango araha.

10. ABIN DA ZA MU RIƘE

Yanzu mun amsa wa dattijonmu. Babu wanda ya haska wa gidan rana. Lissafi ne ya bi sawun haske, ɗigo bayan ɗigo, har abin da babu ya yi kama da abin da akwai.

Saboda haka ku yi hattara. Da can mukan ce gani ya kori ji. Yau ganin hoto bai isa shaida ba. Akwai ma wasu hotunan da sabuwar fasahar kwamfuta ke haɗawa daga kwaikwayon miliyoyin hotuna, ba tare da lissafin haske ba. A irinsu wani lokaci inuwa takan faɗi gefen da bai kamata ba, ko madubi ya nuna abin da ba ya gabansa. Ku riƙa dubawa. Amma ko ba ku ga kuskure ba, kada ku ce hoton gaskiya ne. In an nuna muku hoton gida, ko fili, ko mota, ana neman kuɗinku, ku karanta abin da aka rubuta a ƙasa. In da Faransanci ne, ku nemi mai karanta muku. Ku tura wanda kuka yarda da shi ya je ya taka wurin da ƙafarsa. Shawarar da muka ba dattijon ke nan, ita kuma ya aika wa ɗansa.

Zanen kwamfuta ba laifi ba ne. Kayan aiki ne, kamar wuƙa. Laifin yana ga wanda ya ɓoye cewa zane ne.

GWAJI A GIDA

Ɗaya: ku cika kwalba fara da ruwa, ku ajiye ta a rana da hantsi bisa ƙasa. Ku nemi taron haske cikin inuwarta. Ku sa hannu ku ji ɗuminsa. In kun gama ku ɗauke ta. Kada ku bar kwalbar ruwa a rana kusa da ciyawa ko zana, domin taron haske yana iya tada wuta.

Biyu: ku ajiye tasar ruwa a rana kusa da bango mai inuwa. Ku taɓa ruwan da yatsa, ku dubi bangon. Kada kowa ya dubi rana kai tsaye, tana lalata ido.

TAMBAYOYI

1. Ku faɗi halin haske uku.
2. Me ya sa kwamfuta ke tashi daga ido, ba daga rana ba?
3. Me ya sa ƙasan tafki ya fi finjalin shayi wuyar zanawa?
4. Allo yana da ɗigo 40 a kwance, 30 a tsaye. Ɗigo nawa ke nan? In kowane ɗigo an bi masa hanya 10, hanya nawa ke nan?
5. An aiko muku hoton fili ana neman kuɗi. Me za ku yi kafin ku biya?

Ku tattauna a ajinku, kowa ya rubuta amsarsa a littafinsa, ku nuna wa malaminku. Wanda ya gane ya taimaki wanda bai gane ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.